Renda Ta Tsaya: Laifin Kwamfuta Ne Ko Na Mai Tacewa?

Da zarar an kawar da amfanin gona a ƙasar Dawakin Tofa, gero da dawa sun shiga rumbu, wake da riɗi sun kama hanyar kasuwar Dawanau, sai kakar bukukuwa ta buɗe. Ɗaurin aure a Tumfafi, saukar Alƙur'ani a Kwa, walima a Tattarawa, taron siyasa a cikin garin Dawaki. Duk inda ka leƙa za ka ga saurayi riƙe da kyamara yana kutsawa tsakanin manyan riguna. Ɗaukar ba ta cika ba shi wahala ba. Wahalar tana jiransa a shago, ranar da ya gama yanka da jerawa, ya ɗora sauti da rubutu, ya danna maɓallin da zai haɗe komai ya zama fim guda da za a miƙa wa mai biki. Wannan mataki shi masu sana'ar ke kira renda. A nan ne kwamfuta takan kai kashi 70 ko 90 cikin ɗari ta sandare. Ko kuma ta gama lafiya, a buɗe a tarar baki ya riga murya, ko hoton yana karkarwa, ko hannun mai gaisuwa ya yi layi-layi duk lokacin da ya motsa, ko sautin ya ɓace ɗungurungum.

Mai biki bai san wannan ba, kuma ba dole ne ya sani ba. Shi dai ya ba da kafin alƙalami, an ce masa mako guda, ga shi an shiga na uku. Sai ya buga waya: "Malam, wai ina kaset ɗin namu ne? Dangin amarya sun dame ni." Amsar da zai ji ita ce ake ji tun daga Dawanau har titin Gidan Zoo: "Alhaji, a ƙara haƙuri, aikin yana kan renda." Sau da yawa gaskiya yaron ya faɗa. Amma a yankin da ƙauyuka ke manne da juna, gonar wannan gari ta haɗa iyaka da ta wancan, labarin wanda ya ɓata bidiyon aure ɗaya yakan riga shi isa gari na gaba.

Masu sana'ar sun rabu biyu kan inda cutar take. Wasu sun ce na'ura ce: hoton HD ya fi ƙarfin kwamfutocin da ke shagunanmu, maganin kawai a sayi babba. Wasu sun ce sani ne ya yi ƙaranci: mafi yawan abin da ake ɗora wa kwamfuta, mai tacewar ne ya jawo shi da hannunsa. Gardamar ba ta fatar baki ba ce, domin ɓangaren da matashi ya gaskata shi zai nuna inda ɗan abin da ya tara a shekara zai tafi.

Kafin a saurari kowa, ya kamata a san yadda aka zo nan. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, da kaset ɗin bidiyo ake aiki, ana kwafa daga wannan na'ura zuwa waccan. Babu kwamfuta balle ta sandare. Da ƙaramin kaset na MiniDV ya shigo, aka koma zuba hoto a kwamfuta ta wayar FireWire. Tsarin yana da cin wuri, awa ɗaya takan cinye kusan giga 13, amma yana da sauƙin hali. Kowane firem, wato kowane hoto guda cikin 25 da ke wucewa a daƙiƙa, an ajiye shi cikakke da kansa. Duk inda edita ya yanka, kwamfuta za ta ɗauko hoton wurin nan take. Shi ya sa kwamfutocin da yau ko yaro ba zai karɓa kyauta ba suka yi ta tace aiki ba tare da kuka ba.

A 2006 kamfanonin Sony da Panasonic suka fito da tsarin AVCHD, wanda ƙananan kyamarorin HD masu ɗauka a kan kati suka bi, irin waɗanda har yau suke hannun masu ɗaukar biki da yawa. Hoton da faɗinsa ɗigo 720 ne, tsayinsa 576, ya koma 1920 da 1080. Ɗigo 414,720 sun zama 2,073,600, ninki biyar cif. Kuma wannan ninki biyar an cusa shi a wurin da bai kai na da ba: DV na cin megabit 25 a daƙiƙa, AVCHD kuwa 17 zuwa 24 a saitin da aka fi amfani da shi. Dabarar ita ce matsewa ta H.264. Kyamarar ba ta ajiye kowane firem cikakke. Takan ajiye cikakke sau ɗaya ko biyu a daƙiƙa, sauran kuwa bambancin da ke tsakaninsu da maƙwabtansu kawai take rubutawa. Kamar ɗan kasuwar Dawanau ne da ya ƙirga buhunan da ke sito ranar Asabar, sauran ranakun mako ya riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kawai. Littafinsa ba zai cika da wuri ba, amma in ka tambaye shi buhu nawa ke ciki ranar Laraba, dole ya koma Asabar ya biyo lissafi. Abin da kwamfuta ke yi ke nan a duk inda edita ya taɓa. A lokacin renda kuwa aikin biyu ne: ta warware matsewar kyamara, ta ɗora gyaran launi da rubutu, sannan ta sake matse komai daga farko.

A kan wannan lissafi masu cewa na'ura suka kafa hujjarsu, kuma hujja ce mai nauyi. Suna cewa ka duba abin da ke kan teburin yawancin yaran nan: laftof ta hannu daga titin Beirut, mai ram giga 4, da tsohon had-dis mai juyawa, an ƙera ta don aikin ofis ba don tace bidiyo ba. Masu ƙera kaya sun daɗe da gane nauyin H.264, shi ya sa suka ware masa gurbi na musamman. Intel ta sa Quick Sync a cikin furosesocinta tun 2011 don warwarewa da matse irin wannan bidiyo, NVIDIA ta biyo da NVENC a katunan hotonta. Adobe tun a Premiere Pro CS5 na 2010 ta daina kula Windows mai bit 32, ta jingina saurin manhajar da katin hoto. To wanda kwamfutarsa ba ta da waɗannan, ko manhajarsa ta tsufa ba ta iya amfani da su, duk iyawarsa zai zauna ne yana kallon sandar renda tana rarrafe.

Kuma a nan, in ji su, lokaci fetur ne. Edita a Landan in rendarsa ta ɗauki awa shida, barci zai yi ya tashi ya tarar da aiki. Edita a Kwa awa shidan nan a kan janareto zai yi ta, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowace awa ta ƙara tsada. In ya dogara da wutar gari, kowane minti da aka ƙara dama ce ta a ɗauke wuta. Wanda ya yi aiki a Arewa a watan Oktoban 2024, lokacin da aka shafe fiye da mako ana cikin duhu, ba sai an yi masa bayani ba. Abin takaicin shi ne fayil ɗin MP4 a ƙarshen renda yake rubuta bayanin da ke ba da damar buɗe shi, don haka wanda wuta ta yanke a kashi 95 yawanci ba ya buɗuwa ko kaɗan. Sai a sake daga farko. Ga kuma zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kai maki 40 ko ya haura, laftof da ke renda a shagon kwano takan kai zafin da furosesa ke rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, in abin ya yi yawa ta mutu gaba ɗaya. Babbar kwamfutar tebur mai fankoki da yawa za ta gama a awa ɗaya abin da waccan ke yi a awa biyar, kuma gajertar lokacin kaɗai ta kawar da rabin haɗarin.

Ban ga abin musu a cikin wannan ba. Inda na fara rabuwa da su shi ne inda suke tsallakawa daga "na'ura mai ƙarfi ta fi sauri" zuwa "na'ura mai ƙarfi za ta kawar da matsala". Ɗaya ɓangaren a daidai nan suke shigowa, kuma abin da suke kawowa ba ra'ayi ba ne, jerin cututtuka ne da ko kwamfutar miliyan nawa ka saya za su biyo ka.

Ta farko ta shafi inda kyamarar ta fito. Najeriya tana kan tsarin PAL, firem 25 a daƙiƙa, wutar lantarkinmu kuma tana bugawa sau 50. Amurka tana kan firem kusan 30, da wuta mai bugu 60. Kyamarori na hannu da yawa daga can aka kwaso su, wasunsu ma ba su da zaɓin 25 ko 50 sam. In edita ya buɗe aiki a kan 25 ya jefa hoton 30 a ciki, manhajar za ta riƙa zubar da kusan firem ɗaya cikin kowane shida. A ɗan ƙaramin allon tacewa ba zai lura ba. Sai an fitar, kyamara ta bi jerin motocin kai amarya, a ga hoton yana tafiya yana tuntuɓe. In biki ɗaya an ɗauka da kyamara biyu, ɗaya mai 25 ɗaya mai 30, dole ɗaya ta sha wannan wahala, sai dai in an daidaita su tun kafin a fara ɗauka. Haka nan kyamara mai 60 a ƙarƙashin ƙwan da ke kan wuta mai 50 takan kama walƙiya-walƙiya ko duhu mai gangarowa a hoto. Wannan a wurin ɗauka ake maganinsa, a sa saurin shata a 1/50 ko 1/100. In ya riga ya shiga kati, renda ba za ta wanke shi ba.

Layi-layin da ke fitowa a gefen abin da ke motsi shi ma ba rauni ne na kwamfuta ba. Yawancin waɗannan kyamarori a 1080i suke ɗauka, wato kowane firem rabi biyu ne da aka ɗauka a lokuta mabambanta aka saƙa su tare, tsarin da aka gada daga tsohuwar talabijin. Allon waya da na kwamfuta ba haka suke nuna hoto ba. Dole a umarci manhaja ta haɗe rabin biyu yayin fitarwa, kuma umarnin akwati ɗaya ne da ake dannawa. Wanda ya gaji saitin zamanin DV daga maigidansa yana da ƙarin tarko: a DV rabin ƙasa ke fara zuwa, a HD rabin sama. In aka juya su, hoton zai yi ta karkarwa kamar mai jin sanyi, a ce kwamfuta ce.

Akwai wadda ta fi ba ni haushi don sauƙin kauce mata. Yaro ya dawo daga biki, ya zura kati, ya shiga folda cikin folda har ya iske fayilolin bidiyo na MTS a cikin foldar STREAM, ya kwashe su kaɗai ya goge katin don aikin gobe. Bai san sauran ƙananan fayilolin da ya raina su ne ke gaya wa manhaja yadda guntayen suke haɗe ba. Katunan da ba su wuce giga 32 ba a tsarin FAT32 suke, wanda ba ya ɗaukar fayil da ya haura giga 4, don haka kyamara takan datse doguwar ɗauka gida-gida, a giga 2 ko 4. In aka shigo da guntayen ɗaya-ɗaya, a mahaɗarsu akan rasa ɗan sauti ko 'yan firem, kuma doguwar ɗauka a biki ita ce huɗubar ɗaurin aure ko karatun mai sauka, wurin da ba a yafe yankewa. Maganin bai wuce a kwafe foldar katin gaba ɗayanta ba. Wannan iyakar ta giga 4 takan sake cizo a ƙarshe: a tura renda kai tsaye kan filashi mai FAT32, fayil ya kai giga 4, aiki ya tsaya da saƙon kuskure, alhali filashin da sauran wuri.

Sai hoton waya. Yanzu babu bikin da ƙawayen amarya ba za su turo nasu su ce a saka ba, musamman na cikin gida inda mai kyamara namiji ba ya shiga. Waya ba ta riƙe adadin firem ɗaya. Takan rage ko ta ƙara gwargwadon haske da zafinta. Manhajojin tacewa, musamman tsofaffi, sukan ɗauka adadin tsayayye ne, sai murya ta fara zamewa kaɗan-kaɗan, a minti na goma baki da magana sun raba hanya. Manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, tana iya mayar da irin wannan hoto kan adadi tsayayye kafin a shigar da shi aiki. Ɓacewar sauti ma tana da tarihinta. Sautin AVCHD yawanci Dolby Digital ne, kuma daga ƙarshen 2017 Adobe ta daina sa abin karanta shi a cikin Premiere, ta bar wa Windows. Wanda ya ɗora sabuwar Premiere a kan Windows 7 sai ya ga hoto ba murya, ya yi ta zargin kyamara ko kati.

Ba zan tsallake batun manhajar sata ba, ko da yake ba a son a faɗa. Da yawa daga cikin shagunan nan da fasasshiyar manhaja suke aiki, saboda kuɗin haya na wata-wata da dala ake biya. Fasasshiyar manhaja ba ta samun gyaran da kamfani ke fitarwa, wani lokaci da ƙwayar cutarta take zuwa, kuma kwamfutar da ake renda da ita ita ce dai ake zura wa filashin kowa ana tura waƙoƙi. Akwai DaVinci Resolve da ake samu kyauta ta halal, sai dai tana son katin hoto mai ƙarfi, wanda ya sake mayar da mu hannun ɓangaren farko. Akwai kuma Shotcut da Kdenlive, su ma kyauta, marasa nauyi, waɗanda za su iya aikin biki.

Babban makamin masu cewa sani shi ne juya hoton kafin a fara aiki. Tun da matsewar ce ke wahalar da kwamfuta, a warware ta sau ɗaya: a mayar da fayilolin zuwa tsarin da ke ajiye kowane firem cikakke, irin DNxHD na Avid ko ProRes na Apple, sai tsohuwar kwamfuta ta samu sauƙin da take samu a zamanin DV. Ko a yi ƙananan kwafi marasa nauyi, furoksi, a yi yanka da su, wanda Premiere ta sauƙaƙa tun 2016.

A nan kuwa masu cewa na'ura suna da raddi mai kyau, kuma wajibi ne a ba su gaskiyarsu. Juyawar ita ma renda ce, tana cin lokaci da mai. Tana kuma cin wuri ba kaɗan ba: awa ɗaya ta AVCHD giga 8 zuwa 11 ce, amma in ta koma DNxHD ko ProRes mai matsakaicin inganci takan haura giga 50. Bikin da aka ɗauki awa huɗu ya zama fiye da giga 200, a kwamfutar da duk cikinta 500 ne kuma aikin mutum uku na jira. Furoksi kuwa yanka kawai yake sauƙaƙawa. Ranar fitarwa manhaja za ta koma kan asalin fayilolin ne, rendar ƙarshe ba za ta ragu da ko minti ɗaya ba. Suna ƙarawa da cewa duk wannan sanin da ake magana a kai da Turanci yake, a bidiyoyin YouTube da ke cin data, yaron da ya koyi aiki ta kallon hannun maigidansa ina zai same shi? Kwamfuta dai in ka tara kuɗi akwai shagon da za ka je ka saya.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi tsaya mini a rai, amma ban ɗauke ta hujjar sayen na'ura ba. Hujja ce a kan waɗanda ya kamata su koyar. Cibiyar koyar da aikin fim ta ƙasa tana Jos, ba kowa zai iya zuwa ba. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana yi wa masu sana'ar fim rajista, ga kuma ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN. Duk abin da na lissafa a sama bai fi darasin yini biyu ba in da Hausa aka yi shi, da kyamara da kwamfuta a gaban ɗalibai. Ina ganin a kai irin wannan horo sakatariyar ƙananan hukumomi irin Dawakin Tofa, Tofa, Bichi da Rimin Gado ya fi amfani da a jira yaran su zo birni. Masu ɗaukar biki su ne matakin farko na masana'antar. Daga irin shagunan nan ake samun waɗanda gobe za su zauna a ɗakin tace manyan fina-finai.

Akwai hanya mai sauƙi ta raba gardamar a kan kowace renda da ta ƙi, kuma da ana binta da an rage asara. A duba inda take tsayawa. In kullum a wuri ɗaya take mutuwa, a ce kashi 63 yau, kashi 63 gobe, to ba ƙarfin kwamfuta ba ne. Akwai wani abu a daidai wurin a cikin aikin: guntun hoto da ya lalace saboda katin jabu ko an zare shi ana cikin kwafa, hoton waya mai girman da ya wuce kima, ko wani ado da aka ɗora. A lissafa minti nawa ne wurin, a fitar da wannan yanki shi kaɗai, a yi ta rage shi har a kama mai laifin, a juya shi ko a cire. In kuwa yau a kashi 20 ta mutu, gobe a 80, jibi ta gama lafiya, to a nemi dalilin a jikin na'ura: zafi, ƙurar hunturu da ta toshe fanka, ram da ya cika, had-dis da ya kusa cika ko ya fara mutuwa, ko wutar janareto mai hawa da sauka. In kuma ta gama amma hoton ne bai yi kyau ba, kusan kullum saiti ne. A cikin kashi ukun nan ɗaya ne kawai ke nuni ga na'ura, shi ma rabinsa da buroshi da iska da sitabilaiza ake maganinsa.

Saboda haka na fi karkata ga masu cewa sani, ba don na'ura ba ta da muhimmanci ba, sai don tsarin da ya kamata kuɗi ya bi. Wanda ya samu rarar kaka ya fara da abin da zai hana wuta yanke masa aiki, ƙaramar inbata da batir ko sola. Sannan had-dis na biyu, domin aikin da ke wuri ɗaya tak kullum a bakin asara yake, kuma ɗaurin aure ba a maimaita shi. Sannan ƙarin ram zuwa giga 8 ko 16 da ma'ajiya mai sauri ta SSD, waɗanda kan farfaɗo da tsohuwar laftof da kaso kaɗan na kuɗin sabuwa. Ya kuma saba fitar da dogon aiki gida-gida, minti 15 ko 20, ya haɗe su daga baya da manhajar da ba ta sake matsewa, irin Avidemux ko FFmpeg. In wuta ta yanke, gida ɗaya ya rasa. Babbar kwamfuta ta zo bayan waɗannan, lokacin da yawan aiki ya sa awoyin da take ragewa za su biya kuɗinta.

Akwai wata shawara da ke fitowa daga cikin gajiyar ɓangarorin biyu, wadda nake adawa da ita da gaske. Ana cewa tun da a waya za a kalla, ta Xender da WhatsApp za a yi ta turawa har hoton ya dagule, me zai sa a wahala da HD? A rage ingancin kyamarar tun wurin ɗauka kowa ya huta. Gaskiya ne mai kallo a waya ba zai bambance 1080 da 720 ba, kuma babu dalilin miƙa wa mai biki fayil mai giga 20. YouTube ma megabit 8 take ba da shawara ga hoton 1080, kusan giga uku da rabi a awa, kwafin waya kuwa giga ɗaya da 'yan kai ya isa. Amma wannan magana ce ta fitarwa, ba ta ɗauka ba. Daga babban hoto ana iya fitar da ƙarami kowane lokaci, daga ƙarami ba a komawa babba. Duk wanda ya nemi tsofaffin fina-finan Hausa na zamanin kaset a intanet ya ga yadda fuskoki suka dushe, wasu ma ba a samunsu. Tun da Arewa24 ta fara a 2014, aka kuma shiga zamanin fina-finai masu dogon zango irin Labarina da Izzar So, idon mai kallo ya saba da hoto garau, har a ƙauye. Bidiyon saukar da aka ɗauka bana a Jalli ko Marke, nan da shekara ashirin shi ne kaɗai wurin da jikoki za su ga fuskar kakansu su ji muryarsa. Ya kamata mai ɗauka ya ba da kwafi biyu, na waya da babba, ya kuma gaya wa mai biki cewa in ya kawo filashi ko had-dis za a zuba masa asalin foldar katin ya adana a gida.

Inda nake ganin ɓangaren na'ura zai ƙara samun gaskiya shi ne a kayan da ke shigowa yanzu. Sababbin kyamarori da wayoyi da jirage marasa matuƙi suna ɗauka a 4K, ninki huɗu na ɗigon 1080, da yawansu kuma da matsewar H.265 wadda ta fi H.264 nauyin warwarewa. Furosesocin Intel sai daga zubi na shida, na 2015, suka samu cikakken gurbin warware ta, mai zurfin launi na bit 10 kuwa sai a zubi na bakwai. Laftof da ta girmi haka za ta iya juya hoton in an ba ta dare guda, amma ba za ta yi aiki da shi kai tsaye ba, ko wane ne a gabanta. Wanda ke shirin sauya kyamara bana ya fara duba lambar furosesan da ke shagonsa, ya kuma roƙi mai sayarwa ya bar shi ya ɗauki minti biyar a kan katinsa, ya je ya gwada yankawa da fitarwa kafin ya biya.